Gitar Kawu a Mangazar Tattasai

Har yau idan na wuce gidan biki na ji an kunna ampili, injin ƙara murya, mai magana ya ce salamu alaikum muryarsa ta dawo masa sau uku kamar wanda ya faɗa rijiya, sai in ƙara sauri in bar wurin. Matata cewa take yi tsufa ne ya sa ba na son hayaniya. Ba tsufa ba ne. Tun da sauran ƙarfina na tsani abin nan da mutanen Diffa suke kira eko, kuma ina da dalilina.

A ƙarshen shekarun casa'in ina da ɗan shago a kasuwar Diffa, ina gyaran rediyo, ina kwafar kaset. Iyayena ƴan kasuwa ne daga Damagaram, amma ni awo da ciniki ba su taɓa shiga raina ba, waya da dalma na sani. Ina da injin ɗaukar murya mai kyau wanda na saya wajen wani soja da aka yi wa canjin wurin aiki, kuma ina ji da injin nan fiye da yadda ya kamata mutum ya ji da ƙarfe.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ma'aikacin jinya ne. Ya yi aiki a N'Guelbély, ya daɗe a Bosso, ya zo ya yi ritaya a Diffa. Duk garin Majo ake ce masa, kamar yadda ake kiran babban ma'aikacin jinya a asibitocinmu. Yana da gita ta katako, wadda ba ta shan wuta, tun yana makarantar jinya a Yamai ya saye ta. Ba mawaƙi ba ne, bai taɓa kiɗa a biki ba, bai taɓa karɓar ko dala a kanta ba. Bayan la'asar yake zama a gindin itacen bedin da yake tsakar gidansa ya ɗora ta a cinya. Abin da yake kaɗawa kuwa babu shi a kaset ɗin kowa. Waƙoƙin da ya ji masunta suna yi a Bosso in suna gyaran koma, da na mata masu tsinkar tattasai a bakin kogin Komadugu, su ya mayar kan tsirkiyoyinsa, a hankali ƙwarai, sai ka matso kafin ka ji. Wanda ya tsaya daga bakin zaure sai ya ɗauka gyaran gitar yake yi.

Wata shekara, lokacin da sabon tattasai ya fara shigowa kasuwa, na lura kofin shayi yana rawa a hannunsa na dama. Na kau da kai kamar ban gani ba. Shi da kansa ya ajiye kofin ya miƙo mini hannun.

"Ka ga wannan? Na san shi. Na gan shi wajen mutane da yawa, kuma ban taɓa ganin ya koma baya ba. Injin nan naka, yana iya ɗaukar abin da ba ya ihu?"

"Yana iyawa, Kawu, in an samu makirufo na kirki."

"To ka nemo. Kaset guda nike so, gaba da baya, in na tahi ƴata ta samu abin da za ta saka ma ɗiyanta. Amma ka ji da kyau, ɗana, ba ni da hannun gwaji. Abin da ya rage kamar kananzir ne a gindin hitila, ba zan ƙone shi wajen ƙara mu ji, sake mu ji ba. Ka ɗauki gitar ka yi gwajinka. Ran da ka shirya ka kira ni, in zauna sau guda."

Haka na fita da gitar a kafaɗa, na san zama ɗaya nake da shi, in ya lalace shi ke nan.

Na fara da ɗan makirufon da yake manne a jikin injin. Ni ban iya kiɗa ba, sai dai in ja tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, in mayar da kaset baya in saurara. Abin da ya fito gurnanin injin ne a gaba, gita a can baya kamar an kife ta da tukunya. Ban ɓata lokaci a kansa ba.

Daga nan na je wajen mai hayar ampili na unguwarmu, mutumin da babu biki, babu suna, babu taron siyasar da ake yi ba da kayansa ba. Ya ciro mini makirufon da yake alfahari da shi, ƙato, kansa ruwan zinariya, daga Maiduguri ya sayo shi. Da na kai shi kusa da fuskata sai da na ja da baya. Shekara da shekaru maroƙa da ƴan siyasa suna manna masa baki, yawun goro ya toshe ragar kansa, ya bushe, ya yi ja, ga wani wari da ba zan so in bayyana shi ga mai cin abinci ba. Na tambaye shi ko yana wanke shi wani lokaci. Ya dube ni kamar na zagi kakansa.

"Wanki? Kai ka san bakin manya nawa suka taɓa shi? Albarka ce a jikinshi."

Na tafi da albarkar shago, na goge ta da tsumma da kananzir, na gwada. Irin wannan makirufo an yi shi ne don bakin mai ihu. In ka nisanta shi da gita ba ya jin komai, in ka kai shi bakin ramin cikinta sai ya cika da bum-bum, siririyar tsirkiya da mai kauri duk su zama abu ɗaya. Na mayar masa na ce bai yi ba. Ya ce don ban saka eko ba ne. Wannan ce amsarsa ga kowace matsala ta duniya. Na tabbata da za ka ce masa jakinka ya ƙi cin ciyawa, cewa zai yi a ƙara masa eko.

Na ukun a hannun wata ma'aikaciyar proje, irin ayyukan nan na taimakon manoma, na same shi, Bazabarma daga Yamai, wadda take yawo lambunan bakin kogi tana ɗaukar hirar mata manoma. Ta kawo mini injinta gyara, na hango wani abu baƙi siriri a jakarta, tsawo da kauri kamar bik na rubutu, da ɗan batir guda a cikinsa. Na gaya mata abin da nake ciki. Ta ce nata mahaifin ma yana busa sarewa, kuma babu wanda ya ɗauke shi kafin ya rasu. Ta ba ni aronsa har ranar da motarsu za ta koma Yamai.

"Kada ka nuna shi ga ramin, can iska kawai take fita," in ji ta. "Ka nuna shi inda wuyan gitar ya haɗu da cikinta, ka bar tazarar taƙi guda da ɗan ƙari. Kuma kada ka bari kowa ya hura shi, ba wuta ba ne."

Da na yi yadda ta ce na mayar da kaset, sai na ji abin da ban taɓa ji daga injina ba. Na ji katakon yana amsawa, na ji zamewar yatsa a kan tsirkiya, na ji yadda sautin yake mutuwa a hankali bayan an sake ta. Ni da ban iya komai ba, sai da na ji kamar na iya.

Sai dai ɗan siririn nan ba ya zaɓe, duk abin da ya motsa sai ya ji. A shagona ya kwaso injin niƙa da cinikin masu kifin banda. A ɗakin Kawu rufin kwano ya riƙa amsa kowace tsirkiya da ƙara, a tsakar gida kuma ga awaki, ga ƴan kabu-kabu suna wucewa ta bayan katanga. Na ce bari in je bakin Komadugu inda babu kowa. Na yi tafiya har ƙafata ta gaji, na zauna a gindin wata tsamiya, na kunna. Injinan ban ruwa na lambunan tattasai, waɗanda kunnena ya saba da su har ya daina jinsu, su ne suka cika kaset ɗin daga farko har ƙarshe. A ranar na gane Diffa gari ne da ba ya rufe baki.

Wurin da nake nema na same shi ba da niyya ba. An kira ni gyaran rediyo a mangazar wani Alhaji, wato ɗakin ajiyar kayansa, babban dillalin tattasai, wanda ɗansa yake auren ƴar Kawu tilo. Surukin Kawu ke nan. Mangazar ginin ƙasa ce mai kauri, buhunan busasshen tattasai jere har rufi ta kowane ɓangare. Na yi sallama na ji muryata ta tsaya inda na ajiye ta, ba ta dawo ba, ba ta yi ƙara ba. Buhunan sun shanye komai. Na koma da gita da injin na gwada, sai atishawa ta kama ni, don yajin wurin yana kwance a ƙasa, da ka motsa ƙafa ya tashi. Na yayyafa ruwa a daɓen, na zauna shiru har ya lafa, na sake. Kaset ɗin gwajin nan yana nan wajena har yau. Sauti ne garau kamar ruwan randa, kuma babu komai a ciki sai ni ina jan tsirkiya kamar mai figar kaza, da atishawata a farko.

Na nemi izinin Alhaji. Ina so a fahimce ni, mutumin kirki ne, mai hannun kyauta, yana ganin girman Kawu da gaske. Ya kama hannuna da nasa biyu.

"Majo zai yi kaset a mangazata? Wallahi ka girmama ni. Ka bar mini sauran."

"Babu saura, Alhaji. Ƙofa kawai za a rufe mana, mu biyu, ni da shi."

"To, to, to," in ji shi, yana murmushi.

Duk wanda ya zauna da manyanmu ya san irin wannan to ɗin. Ma'anarta ita ce na ga bakinka yana motsi. Amma babu wata mangaza irin wannan da zan samu, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Muka sa rana, jajibirin tafiyar motar proje, bayan azahar. Kawu ya huta da hannunsa kwana da kwanaki, ko buta da hagu yake ɗauka. Ya sa farar rigarsa, na ɗauki gita da injin, muka kama hanya. Tun daga kan kwana na fara jin gurnanin grup, injin wutar da ake kunnawa a biki. Na ce a raina wani ne yake suna a unguwar. Da muka karya kwanar sai na ga motoci, ga tabarmi har waje, ga manyan tukwane a kan murhu. A bakin mangazar lasifikoki biyu ne manya a kan tebur, a bayansu kuma mai hayar ampili yana ɗaga mini hannu yana washe baki.

Alhaji ya gayyato duk dillalan tattasai na garin da na ƙauyukan bakin kogi. Ya yanka rago. Ya kuma ɗauko sanƙira, mai kirarin nan da yake tsayawa kusa da makaɗi yana kiran sunayen manyan da suka halarta, don a wajensu kiɗan da babu mai kiran suna kamar miya ce babu gishiri. Cikin mangazar da na yayyafa wa ruwa da safe ya cika da mutane, manyan riguna suna sharar buhuna, takalma suna tayar da yaji, tun ba a fara ba an fara tari.

Na ja Alhaji gefe na ce ba haka muka yi ba. Ya dafa kafaɗata.

"Haba, ɗana. Majo guda, a ce ya yi kaset a ɓoye kamar mai satar akuya? Mi mutane za su ce a kaina?"

Na juya wajen Kawu. Fuskarsa ba ta nuna komai ba, sai dai na ga ya sa hannun dama a cikin aljihu. Na buɗe baki, ya taka mini ƙafa a hankali ya ce, "Bari."

Wanda ba a cikinmu ya tashi ba, zai ce me ya hana shi magana. Kunyar suruki ce. Mutum ba ya musu da uban mijin ƴarsa a gaban jama'a, ba ya ƙin kyautarsa, ko abinci ba ya sakin jiki ya ci a gabansa. Kawu, wanda ya sha tsawata wa komandan soja a asibiti kan shan magani, ya zauna a kujerar da aka nuna masa kamar sabon ɗalibi.

Na ce ko banza bari in kafa nawa. Na ɗaura ɗan siririn a kan sanda, na auna taƙi guda da ɗan ƙari daga wuyan gitar. Alhaji ya zo ya tsaya yana kallo. Ya cire shi daga sandar, ya ƙwanƙwasa kansa da farce, ya kai bakinsa ya hura, fuu, fuu, kamar yadda kowa a garin yake gwada makirufo. Ya saurara ko lasifika za ta amsa. Ba ta amsa ba, don ba da ita aka haɗa shi ba.

"Wannan ya mutu," in ji shi. "Ko da yana da rai ma, ba za a ajiye ma Majo tsinken sakace a gaban baƙi ba. A kawo babban."

Ya soka mini shi a aljihun gaba kamar bik, ya ɗan buga aljihun don ya zauna da kyau. Mai ampili ya kawo mai ruwan zinariya ya tura shi bakin ramin gitar, ya jawo waya daga ampilinsa ya soka a injina, ya murɗa eko har ƙarshe. Na tsaya ina kallon injina da nake ji da shi an ɗaura masa wannan ƙazanta, raina ya ɓaci.

Kawu ya fara da waƙar masuntan Bosso. Na rantse da Allah, a ɗan lokacin nan na farko hannunsa bai yi rawa ko kaɗan ba, ina tsaye kusa da shi ina jin katakon da kunnena, ya yi kiɗan da ban taɓa jin ya yi irinsa ba. Sai lasifika ta saki wata ƙara mai tsinka kunne, don makirufon yana jin kansa. Mai ampili ya rage na gitar. Ta sake yi, ya sake ragewa. Sanƙira kuwa ya ga nasa makirufon ba ya tashi yadda yake so, sai kawai ya sunkuya ya zare mai ruwan zinariya daga gaban gitar, ya ajiye mata nasa, ya gyara murya. Daga nan aka shiga kiran suna. Wane mai buhu dubu, wane da motarsa ba ta kwana a Diffa, wane da tattasansa ya san hanyar Kano da kansa. Kowane suna eko ya maimaita shi sau uku.

Wanda aka kira sunansa kuwa dole ya taso ya yi liƙi. Na farko ya manna wa Kawu takardar kuɗi a goshi, ta faɗo kan tsirkiyoyi ta kashe su, na cire. Na biyun ma haka. Sai wani dattijo daga ƙauye, wanda ba shi da takarda sai kuɗin ƙarfe, ya duba bai ga ƙwaryar da makaɗa suke ajiyewa a gabansu ba. Ya ga rami a cikin gita, zagayayye, a buɗe. Ya ɗauka don haka aka yi shi. Ya saki kuɗinsa a ciki, suka faɗa kan katakon, ƙwal, ƙwal.

Shi ke nan, an samu hanya. Aka yi layi. Masu kuɗin ƙarfe suna jefawa, masu takarda suna naɗewa suna turawa ta tsakanin tsirkiyoyi, yatsunsu da maiƙon rago suna gogar yatsun Kawu yana cikin kiɗa. Gitar ta yi nauyi, muryarta ta toshe, duk lokacin da ya motsa cinya sai kuɗin su zube gefe guda da ƙara kamar gwangwanin mai shago. Yaji ya turnuƙe ɗakin, manyan mutane suna tari suna kaki suna tofarwa a gindin buhu, wani yana fyace hanci da bakin rawani, sanƙira yana atishawa a cikin makirufo eko yana raba ta uku. Ni dai ban taɓa jin ƙyamar taron mutane irin ta ranar ba, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne babu mugu ko ɗaya a cikinsu, kowa gani yake girmama Majo yake yi.

Kawu bai tsaya ba. Idanunsa suna ruwa, ban sani ba ko yaji ne. Ya kaɗa duk abin da ya yi niyyar kaɗawa, gaba da baya, har kaset ya ƙare. Kafin ya kai ƙarshe hannun ya dawo da rawarsa, ya fi da, ina ganin yatsan yana neman tsirkiya yana kuskurewa. Da aka tashi ya yi wa surukinsa godiya mai tsawo. A hanyar gida ni na ɗauki gitar, tana kacau-kacau a bayana duk takun da na yi. A tsakar gida muka kife ta muka girgiza, ya ce in kai abin da ya zubo masallaci.

Washegari na mayar wa Bazabarma makirufonta. Ta tambaye ni yadda aka yi, na ce an yi. Ta ga tabon maiƙo a kansa, ta dube ni, ba ta ƙara tambaya ba.

Kaset ɗin kuwa ya karɓu, wannan shi ne ƙarin takaicin. Alhaji ya karɓi kwafi, kowane dillali yana son nasa don sunansa yana ciki. Direbobin hanyar Bosso suna saka shi, masu shayi suna saka shi. Mutane suna zuwa shagona suna cewa a ba su kaset ɗin Alhaji. Ko mutum ɗaya bai taɓa cewa kaset ɗin Majo ba. Nakan ce ba ni da shi, su tsallaka shagon gaba a kwafa musu, ina zaune ina jin atishawar sanƙira tana tashi daga can.

Na koma wajen Kawu na roƙe shi mu sake, ko da makirufon jikin injin ne, ko da awaki da kabu-kabu, a nan gindin bedi. Ya girgiza kai.

"In na sake wani, mi na ce ma surukina? Na ce mishi nashi bai yi ba ke nan. Ƴata a gidanshi take cin tuwo."

"Ba wanda zai sani, Kawu."

"A Diffa?"

Na ci gaba da tuntuɓarsa lokaci-lokaci, yana cewa a bari maganar ta kwanta tukuna. Maganar ta kwanta, hannun bai jira ta ba. A farkon shekarun dubu biyu na sa wani direba ya sayo mini irin ɗan siririn nan daga Kano, nawa na kaina. Na kai masa ina murna. Na tarar ana ba shi koko a baki, don cokali ya daina zama a hannunsa. Gitar tana rataye a ƙusa a bangon ɗakinsa. Ya juya makirufon a hannun hagu ya ce yana da kyau, ya miƙo mini.

A ranar ne ya ce in saka masa kaset ɗin mangaza, wanda bai taɓa yarda ya saurara ba. Na saka. Ya ce in kawo rediyon kusa, ya kara kunnensa a jikinta. Sunaye suna ta wucewa uku-uku, ga tari, ga gurnanin grup, ga ƙwal-ƙwal na kuɗin ƙarfe, wanda shi kam ya fito tar kamar a gabanka ake jefawa. Can ƙasa da duk wannan, in ka riƙe numfashi, akwai wani ɗan sauti siriri yana tafiya. Ya daɗe yana saurare, sannan ya ɗago.

"Akwai wani a can baya," ya ce, "yana ƙoƙari."

Bai kai damina biyu bayan wannan ba ya rasu. Bayan sadakar arba'in ƴarsa ta zo ɗaukar kayansa, ta tambaye ni kaset ɗin da mahaifinta ya ce zai bar wa ƴaƴanta. Na ajiye mata biyu a gabanta. Na ce wannan sautinsa garau ne, gitar ce da muryarta ta gaskiya, amma ni ne a ciki ina jagwalgwalo. Wannan kuma babanki yana ciki, amma ba a jinsa. Ta ce na biyun suna da shi a gida, surukinta yana saka wa yara su ji sunan kakansu. Ban tambaye ta wane kakan ba.

Na miƙe na sauko mata da gitar daga ƙusa. Ina juya ta sai wani abu ya gangara a ciki ya bugi katako, ƙwal. Kuɗin ƙarfe ne guda da ya maƙale tun ranar mangaza, duk girgizar da muka yi bai fito ba. Ta ɗago kai da sauri, idonta ya cika da hawaye.

"Yaya, wannan ƙarar na san ta," in ji ta. "Tana cikin kaset ɗin."